Wa ke da hurumin karɓar kuɗin? Bitar aikin wani ofishin lauyoyi a Garki

Shekara tara ke nan ni da yayana muna shigo da yadin gyale da mayafi daga birnin Surat na jihar Gujarat a Indiya, muna sayarwa a shagonmu na Kasuwar Wuse, muna kuma ba wa 'yan sari da ke zuwa daga Jos da Kaduna da Lafiya. A duk tsawon wannan lokaci gida ɗaya muke hulɗa da shi, kuma wani dattijo ne yake sa hannu a takardun ciniki, shi ne kuma yake faɗa mana asusun da za a tura kuɗi. Da dattijon nan ya rasu, sai saƙonni biyu suka iso mana cikin mako guda. Na farko wasiƙa ce daga wata mata, 'yar yayan mamacin, tana sanar da mu cewa ita ce yanzu karta, wato mai riƙe da dukiyar gidan, kuma ciniki zai ci gaba a tsohon asusu. Na biyu saƙon WhatsApp ne daga ɗan mamacin na cikinsa, yana cewa kujerar mahaifinsa tasa ce, don haka a tura masa ragowar kuɗin kaya a wani sabon asusu da ya turo. A lokacin mun riga mun biya rabin kuɗin kwantena guda, rabin yana hannunmu, kayan kuma suna jiran a ɗora su a jirgin ruwa.

Yayana bai ga abin wahala a ciki ba. A ganinsa ɗa ne ke hawa kujerar uba, kuma macen da ta yi aure ta koma gidan wasu ba ta da ta cewa a dukiyar gidan da ta baro. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin idan muka biya wanda ba shi da hurumi, ɗayan yana iya riƙe kayan ya ce ba a biya gidan ba, kuma babu wanda zai dawo mana da dalar da muka sha wahalar haɗawa. Wata maƙwabciyata a kasuwa ta yi mini kwatancen wani ofishin lauyoyi a Garki da ke duba takardun masu shigo da kaya. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda a cikin abin da zan faɗa akwai yabo akwai kuma ƙorafi, amma zan bayyana yadda aikinsu ya kasance daga ranar da na taka matakalarsu har ranar da aka sallame mu.

Ofishin yana hawa na biyu a wani bene da ba shi da na'urar hawa, wurin ajiye mota kuma ƙarami ne, don haka wanda zai je da safe gara ya sammaka. Ɗakin jira yana da tsabta, akwai sanyi ko da an ɗauke wuta, kuma ba a bar mu muna zaune fiye da minti ashirin ba. Abin da ya fara sosa mini rai shi ne yadda mai karɓar baƙi ta miƙa wa yayana fom ɗin rajista, ta riƙa yi masa tambayoyi a kan cinikin, alhali ni na kira na nemi ganawar, sunana ne kuma a kan takardun bankin. Ƙaramin abu ne, amma a ofishin da aka je tambayar ko mace tana da hurumin sa hannu, bai kamata a fara da ɗauka cewa namijin da ya rako ta shi ne mai maganar ba.

Wani matashin lauya ne ya fara sauraron mu. Ya yi ladabi, ya rubuta duk abin da muka ce, ya buɗe kwamfutarsa na ɗan lokaci, sannan ya gaya mana cewa a dokar Hindu mace ba ta zama karta, har ya kafa hujja da wani hukuncin Kotun Ƙolin Indiya na 1965 a shari'ar kamfanin sukari na Seth Govindram. Yayana ya dube ni irin duban wanda aka gaskata. Da mun tashi a wannan lokaci mun tafi banki, da yau wani labarin nake bayarwa. Abin da ya cece mu shi ne ƙa'idar ofishin cewa babu shawarar da ke fita sai babbar lauyar ta duba ta, kuma a ganina wannan ƙa'ida ita ce mafi tsadar abin da suke sayarwa. Washegari da hantsi ita da kanta ta kira ni. Ta ce: “Hajiya, ki yi haƙuri, kada ki tura wa kowa ko sisi. Amsar da aka ba ku jiya ta tsufa da shekaru masu yawa. Ku dawo gobe ke da Alhaji, ku zo da duk rasit ɗin da gidan ya taɓa ba ku.”

Zaman da muka yi da ita ya kai awa biyu, kuma da Hausa aka yi shi tun daga farko har ƙarshe, domin haifaffiyar Jos ce. Ba ta fara da doka ba, ta fara da rasit. Ta nuna mana cewa sunan gidan yana ƙarewa da haruffa uku na boko, HUF, waɗanda ke nufin gidan Hindu da ba a raba dukiyarsa ba, sannan ta nuna lambar harajinsu mai gurbi goma, wadda a Indiya ake kira PAN, ta ɗora biro a kan harafi na huɗu. Ta ce idan harafin nan H ne, to mai lambar irin wannan gida ne. Da kamfani ne da an ga C, da mutum ɗaya ne da an ga P. Namu H ne. Shekara tara ina riƙe da waɗannan takardu ban taɓa sanin cewa ba da dattijon nake ciniki ba, da gidan gaba ɗaya nake yi, shi wakilinsu ne kawai. Wannan kaɗai ya sauya tambayar, domin ba magajin mamacin muke nema ba, muna neman wanda doka ta ba riƙon gidan bayansa.

Don mu fahimta, sai ta ɗauko misalin gandu. Ta ce mu tuna yadda a ƙauyukanmu uba da 'ya'yansa maza da jikoki suke noma gona ɗaya, a zuba hatsi a rumbu ɗaya, mai gida yana ciyarwa, yana biyan haraji, yana yi wa samari aure, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa don kansa. Gidan Hindu da ba a raba ba ya yi kama da haka, har ma da bambanci tsakanin dukiyar kakanni da abin da mutum ya samu da guminsa. Amma ta ja kunnenmu cewa kamar ta tsaya a nan. A wurinmu, muddin uba yana raye gonar tasa ce, ɗa ba shi da rabo sai bayan rasuwa, sannan a raba bisa ƙa'idar gado. A tsarin Mitakshara kuwa, wanda ake bi a yawancin Indiya har da Gujarat, haihuwa ce take ba da rabo: ranar da aka haifi yaro ya zama mai haƙƙi a dukiyar kakanni, kuma wannan haƙƙi yana tafiya har zuriya huɗu, wato mai riƙe da dukiyar da ɗansa da jikansa da tattaɓa kunnensa. Rabon kowa ba a san iyakarsa ba sai ranar rabuwa, domin haihuwa tana rage shi. Akwai wani tsari na dabam, Dayabhaga, da ake bi a Bengal da Assam, inda ɗa ba ya samun komai sai uba ya mutu, amma wannan bai shafi mutanenmu na Surat ba.

Karta shi ne babba a cikin waɗannan masu haƙƙin haihuwa, kuma ikonsa yana da faɗi ƙwarai. Shi ke karɓar kuɗin shiga, shi ke ƙulla ciniki da cin bashi don kasuwancin gida, shi ke tsayawa a kotu da sunan kowa, kuma yana iya sayar da kadara ko jinginar da ita ba tare da yardar sauran ba a yanayi uku: idan larura ta tilasta, idan akwai amfani ga dukiyar kanta, ko don sauke wani nauyin addini da ba makawa. A madadin haka, ciyar da kowa da aurar da 'yan mata da kula da zawarawan gidan suna wuyansa. A nan Barista ta bayyana dalilin tsohon hukuncin da matashin lauyan ya kawo. Kotu ba ta ce mace ba ta da hankalin riƙe dukiya ba. Ta ce karta dole ya fito daga cikin masu haƙƙin haihuwa, a lokacin kuma maza kaɗai ne ke cikin wannan sahu, saboda haka bazawarar da ta nemi riƙon gidan ba ta cika sharaɗi ba. Ƙofar riƙo tana rataye ne a kan ƙofar rabo, duk ranar da aka buɗe ta biyun, ta farkon ma za ta motsa.

Tarihin yadda aka buɗe ta shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa, kuma na roƙe ta ta bi shi a hankali don in rubuta. A 1937 aka yi dokar da ta ba bazawara damar riƙe rabon mijinta, amma riƙo ne na iya rayuwarta, ba ta da cikakken ikon sayarwa, idan ta mutu kuma ya koma dangin miji. Dokar Gadon Hindu ta 1956, a sashe na 14, ta mayar da abin da ke hannun mace cikakken mallakinta, ta kuma ba 'ya mace gado a rabon mahaifinta, amma ta bar haƙƙin haihuwa ga maza. Daga nan wasu jihohi suka yi gaba da kansu: Andhra Pradesh a 1986, Tamil Nadu a 1989, Karnataka da Maharashtra a 1994, dukansu suka shigar da 'ya'ya mata, sai dai ban da waɗanda suka riga suka yi aure kafin dokar. Kerala kuwa tun 1975 ta yi dokar soke tsarin gidan haɗaka gaba ɗaya. Gujarat ba ta cikin waɗannan jihohi, don haka matar da ta rubuto mana ba ta da wata madogara sai gyaran da majalisar tarayyar Indiya ta yi wa sashe na 6 na Dokar Gadon Hindu ta 1956, wanda ya fara aiki ranar 9 ga Satumba 2005. Gyaran ya ce 'ya mace tana zama mai haƙƙin haihuwa daidai da ɗa namiji, da haƙƙi iri ɗaya da nauyi iri ɗaya, ko ta yi aure ko ba ta yi ba.

A nan yayana ya kawo tambayar da ta nuna yana biye da maganar. Ya ce: “Barista, ai mahaifin matar nan ya daɗe da mutuwa, tun kafin mu fara ciniki da su, shi ya sa ƙanensa ya karɓi riƙon. Idan kafin 2005 ya mutu, dokar za ta koma baya ta same ta?” Barista ta ce wannan tambaya ta raba kan alƙalan Kotun Ƙolin Indiya da kansu. A 2015, a shari'ar Prakash da Phulavati, an ce sai uba da 'ya duka suna raye ranar da gyaran ya fara aiki. A 2018, a shari'ar Danamma, an ba 'ya'ya mata rabo alhali mahaifinsu ya mutu tun 2001. Saɓanin bai ƙare ba sai ranar 11 ga Agusta 2020, lokacin da alƙalai uku ƙarƙashin Mai shari'a Arun Mishra suka yanke hukunci a shari'ar Vineeta Sharma cewa tun da haihuwa ce tushen haƙƙin, ba a bukatar uba ya kasance a raye a ranar 9 ga Satumba 2005. Abin da zai hana 'ya mace shi ne idan an riga an sayar da dukiyar, ko an zartar da wasiyya a kanta, ko an raba ta kafin 20 ga Disamba 2004, kuma rabon da aka yi wa rajista ko wanda kotu ta yi ake nufi, domin alƙalan sun ƙi yarda a riƙa kawo labarin rabon baka don a kore mata, sai in akwai takardun hukuma masu ƙarfi da ke tabbatar da shi.

Saura tambayar riƙo kanta. A Disamba 2015 Babbar Kotun Delhi, ta bakin Mai shari'a Najmi Waziri, ta yanke hukunci a shari'ar Sujata Sharma da Manu Gupta, wadda ta yi kama da tamu matuƙa: mahaifin matar da 'yan'uwansa maza duk sun mutu, ita ce babba a cikin jikoki, wani ɗan baffanta kuma ya ce shi ne karta don shi namiji ne. Kotun ta ce tun da dalilin hana mace shi ne rashin haƙƙin haihuwa, kuma dokar 2005 ta kawar da wannan dalili, babu abin da zai hana babbar 'ya riƙon gida. An ɗaukaka ƙara, a Disamba 2023 alƙalai biyu na kotun suka tabbatar da hukuncin. Abin da ya ƙara mini yarda da Barista shi ne ba ta tsaya inda maganar ta yi daɗi ba. Ta gaya mana cewa hukuncin Kotun Ƙoli yana ɗaure kowace kotu a Indiya, amma hukuncin Babbar Kotun Delhi a Gujarat hujja ce mai nauyi da alƙali zai duba, ba dole ba ce a kansa. Ta kuma nuna mana iyakar nasarar matan: 'ya ce ta samu haƙƙin haihuwa a gidan ubanta, matar aure kuwa a gidan mijinta 'yar gida ce mai haƙƙin ci da sha da matsuguni, ba ta zama karta, ko da yake Kotun Ƙoli ta yarda a 2015 cewa bazawara tana iya tafiyar da dukiyar a madadin ɗanta har ya balaga. Da a ce wasiƙar daga matar dattijon ta fito, da amsar ta sha bamban.

Saboda wannan ne ba su ce mana “ku biya matar” kai tsaye ba, suka tsara abin da za mu nema. Sun haɗa mu da wani lauya a Indiya, domin a cewarta lauyan Najeriya yana iya karanta dokar wata ƙasa ya fahimta, amma wanda ke aiki da ita kullum shi ya kamata ya sa hannu a kanta. Ta hannunsa aka nemi takardar shaidar mutuwar dattijon, da jerin zuriyar gidan da shekarun haihuwar kowa, da wasiƙar bankinsu da ke nuna wanda aka amince ya sa hannu a asusun gidan, da tabbacin cewa ba a taɓa yin rabo mai rajista ba. Abu na ƙarshe, wanda ta ce ya fi kowane hukunci amfani ga ɗan kasuwa, shi ne takardar da manyan masu haƙƙin gidan za su sa wa hannu cewa sun san wance ce karta. Ta bayyana cewa dokar ta yarda ƙarami ya riƙe gida idan sauran sun amince, don haka ba za a yanke cewa ɗan mamacin maƙaryaci ne ba sai an ga ko an ba shi irin wannan amincewa. Suka rubuta wasiƙa ɗaya ga mutanen biyu, cikin ladabi, cewa kuɗin yana nan a ajiye kuma za a tura shi asusun gidan da zarar takardun sun iso.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. An yi mana alkawarin rubutacciyar shawara cikin mako guda, ba ta fito ba sai da aka shiga mako na uku, kuma a tsakani ni ce mai kira kullum, ba a taɓa kira na an ce ga inda aka kwana ba. Ga mai kaya a tashar jirgin ruwa kowace rana kuɗi ce, kuma mun yi asarar jirgin da aka shirya ɗora kayan a kansa, abin da ya sa gyalen da muka yi niyyar sayarwa kafin Sallah suka iso bayanta. Ban ɗora musu dukan laifin ba, domin takardun Indiya ma sun yi jinkiri, amma da sun faɗa mini gaskiyar lokacin tun farko da na shirya wa abokan cinikina uzuri. Na biyu, kuɗin da aka yanka mana ranar farko bai haɗa da ladan lauyan Indiya ba, kuma ba a gaya mana haka ba sai da takardar biya ta biyu ta zo, da dala. Aikin da ya yi ya cancanci a biya shi, amma ɗan kasuwa yana son ya san jimillar abin da zai kashe kafin ya ce bismillah. Na uku, shawarar ta zo shafi goma sha ɗaya da Turancin lauyoyi mai nauyi, bayan duk bayanin baka da Hausa aka yi shi. Sai da na nema aka yi mini taƙaitawa ta shafi biyu da Hausa, kuma ta fito da kyau har na yi mamakin abin da ya hana su mayar da wannan al'adarsu, ganin yawan 'yan kasuwar Wuse da Garki da Utako da suka fi sakewa da karatun Hausa.

Kuskuren matashin lauyan kuma ban ɗauke shi da sauƙi ba. Na yaba da cewa an gano shi cikin kwana ɗaya, an kuma ba ni haƙuri ba tare da kewaye-kewaye ba, shi ma ya zo da kansa ya ce ya yi gaggawa. Duk da haka bai kamata a bar wanda bai gama bincike ba ya furta hukunci a gaban mai neman shawara, domin mutum yana fita da abin da kunnensa ya ji, musamman idan ya dace da abin da zuciyarsa take so tun daga gida.

Takardun sun iso a ƙarshe. Matar ta girmi ɗan baffan nata da shekara shida, ba a taɓa raba dukiyar ba, bankin ya riga ya karɓi sa hannunta, kuma biyar daga cikin manyan gidan sun sa hannu a takardar amincewa. Asusun da aka turo mana ta WhatsApp na ƙashin kansa ne, ba na gidan ba. Muka biya a tsohon asusu, aka ɗora kaya. Daga baya na fahimci cewa shekaru da dama ita ce take riƙe da littattafan lissafin gidan a bayan fage, ita ce take amsa yawancin saƙonnin da nake zaton dattijon ne yake rubutawa.

Wannan gano da na yi shi ne ya sa al'amarin ya tsaya mini a rai fiye da kuɗin, domin ya tuna mini da gidanmu. Mahaifinmu ya rasu ya bar gidaje biyu na haya a Jos, ɗaya a Gangare ɗaya a Anguwan Rogo, kuma har yau ba a raba su ba. Babbar yayarmu ce take karɓar haya, ita take gyaran rufi idan damina ta kawo kai, ita take biyan kuɗin makarantar marayun ƙanenmu, amma duk ranar da za a sa hannu a wata takarda sai a nemo namiji ko da bai san adadin ɗakunan ba. Na tambayi Barista ko akwai abin da za mu ara daga Indiya. Amsarta ta burge ni, don ba ta yi ƙoƙarin sayar mini da abin da ban bukata ba. Ta ce: “Hajiya, ba ku bukatar aron komai. Dokar Hindu ba ta hau kanku ba, ko Musulmin Indiya ma ba ta hau kansu ba. Matan can sai da suka jira 2005 kafin a ba su rabon da riƙo yake rataye a kansa. Ku kuwa Suratun Nisa'i ta yanka wa kowace 'ya da kowace mata rabonta, rabon ya zama nata tun ranar rasuwa, kuma babu abin da ya hana magada su wakilta mace ta kula da abin da suka haɗa. Abin da ya rage muku shi ne ku rubuta.” Ta ƙara da cewa gara a fara kai maganar gaban malamin da ya san ilimin rabon gado a fitar da kason kowa a takarda, ko da ba za a sayar da gidajen ba, sannan a rubuta wakilcin da iyakarsa: abin da Yaya za ta iya yi ita kaɗai, abin da sai ta tuntuɓi kowa, da lokacin da za ta riƙa kawo lissafi. Ta ambaci cewa ko a kudancin ƙasar nan sai a 2014 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, bisa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999. Wannan ƙarin bayani ba ta caje ni komai a kansa ba.

Ga wanda yake shigo da kaya daga Indiya kuma ya ga haruffan nan uku a kan rasit ɗinsa, ina ba da shawarar irin wannan ofishi ba tare da jinkiri ba, musamman idan wanda aka saba da shi ya mutu ko aka ce an sauya asusu. Ya tafi da duk tsofaffin rasit da takardun banki, ya nemi ganin babban lauya tun ranar farko, ya tambayi jimillar kuɗi har da na lauyan waje a rubuce, ya kuma sa a rubuta masa ranar da shawarar za ta fito. Wanda matsalarsa rabon gado ne na cikin gida kawai, ba ya bukatar wannan tsada, malami da kotun yanki sun ishe shi. Ni dai zan koma wurinsu, kuma na riga na karɓi ranar ganawa a wata mai zuwa. Yaya za ta taso daga Jos da littafin hayar da take rubutawa tun shekarar da Baba ya rasu, yayana kuma ya ce shi zai fara sa hannu a takardar wakilcin.